Me ya sa masunta ke son a kare teku amma suke ƙin dokar rufe shi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Akra, ina shirin rubuta kundin kammala karatu kan ra'ayin jama'a game da kare teku. Duk binciken da na karanta cewa yake yi yawancin mutane suna goyon baya. To amma a nan Gana, da gwamnati ta ce a dakatar da kamun kifi na wata guda don kifi ya hayayyafa, sai da aka kai ruwa rana da masunta. Shin ƙarya mutane suke yi wa masu bincike, ko rashin wayewa ne? Kuma ta yaya zan auna ainihin ra'ayinsu?

Amsa: Malam, ba ƙarya suke yi ba, kuma ka cire maganar rashin wayewa daga kundinka tun yanzu, domin ita ce za ta ɓatar da kai. Wanda ya ce yana son a kare teku da wanda ya yi bore ranar da aka rufe tekun, sau da yawa mutum ɗaya ne, kuma duka biyun da gaske yake. Tambayoyin ne suka bambanta. Ta farko ba ta cinye masa komai ba. Ta biyu kuwa ta zo da farashi, kuma abin da mutum yake dubawa kafin ya yarda ya biya abu uku ne: nawa zai rasa, wa zai ci ribar haƙurin da ya yi, kuma shin dokar za ta hau kan wanda ya fi shi ƙarfi ko kuwa a kansa kaɗai za ta ƙare.

Alƙaluman da ka gani gaskiya ne. A 2018 Heike Lotze ta Jami'ar Dalhousie da ke Kanada da abokan aikinta sun tattara binciken jin ra'ayi guda 25 daga ƙasashe 21, mutum sama da 32,000. Kashi 70 cikin 100 sun ce ayyukan ɗan'adam na barazana ga teku, kashi 73 kuma sun goyi bayan a keɓe yankunan da za a kare. Sai dai akwai abubuwa biyu a cikin sakamakon da ake yawan tsallakewa. Na ɗaya, gurɓata ruwa mutane suka sa a gaba cikin barazanar, kamun kifi ya biyo baya, wato abin da ido ke gani, kamar leda da malalar mai, ya fi damun jama'a a kan abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa. Na biyu, da yawa sun zaci yankin da aka riga aka kare ya fi yadda yake girma nesa ba kusa ba. A 2024 kusan kashi 8 cikin 100 na tekun duniya ne ke da wata irin kariya a takarda, wanda aka kare sosai kuma bai wuce kashi 3 ba, alhali a Disambar 2022 ƙasashe sun yi alƙawarin kai wa kashi 30 nan da 2030. Yawancin waɗanda ake yi wa irin waɗannan tambayoyi kuwa ba daga teku suke cin abinci ba. Goyon bayansu na gaske ne, amma ba a taɓa gwada shi da yunwa ba.

Gana ta fi kowace ƙasa a yankinmu dacewa da wannan nazari, don a can an gwada. Gaɓar tekun ƙasar ta kai kimanin kilomita 550, da wuraren sauke kifi kusan 300, da kwalekwale sama da 12,000, da masunta fiye da 100,000, ban da mata masu banda da 'yan kasuwa da masu dako. Kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da ake samu daga dabba a ƙasar daga kifi yake fitowa, kuma ƙashin bayan wannan shi ne ƙananan kifayen saman ruwa, musamman sadinela, wanda ake kira amane a kasuwa, ɗan'uwan shawa da aka sani a Najeriya. Shi ake bandawa a kai Kumasi da Tamale har a tsallake iyaka. Abin da ake kamawa na wannan kifi ya faɗo daga kusan tan 135,000 a 1996 zuwa kusan tan 29,000 a 2016. Babu masuncin da ke buƙatar a karanta masa wannan lissafi. Shi ne yake ƙona mai ya kwana a ruwa ya dawo da kwano biyu, shi ne ya san shekarun da mahaifinsa ke cika kwalekwale har a rasa itacen banda. Ka tambaye shi ko kifi ya ragu, zai ba ka amsa da bayanin da ya fi na littafi.

Hikimar rufe teku kuwa ba ta da wuyar fahimta. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na ƙasan teku yakan taso sama ɗauke da abinci, kifi ya taru, ya yi ƙiba, ya zuba ƙwai, kuma ƙololuwar zubar ƙwan tana cikin Agusta. Masana suka ce a bar shi a wannan wata. Matsalar ita ce Agustan nan shi ne kakar masunta. A cikinsa ake biyan bashin shekara, a gyara injin, a biya kuɗin makaranta, kuma a lokacin ne mutanen ƙabilar Ga ke bikin Homowo. A 2018 ma'aikatar kamun kifi, ƙarƙashin minista Elizabeth Afoley Quaye, ta sanar da rufewa daga 7 ga Agusta, sanarwar kuma ta fito saura ƙasa da wata guda. Mutane sun riga sun ci bashi sun sayi mai da raga. Suka ƙi, gwamnati ta janye. A 2019 aka rufe wa kwalekwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, kuma an bi dokar sosai, amma lokaci ne da kifi ya yi ƙaranci dama, ba a tsakiyar zubar ƙwai ba. Wato an samu biyayya a watan da bai fi amfani ga kifin ba, an rasa ta a watan da ya fi amfani. A 2020 ba a rufe ba. Daga 2021 aka tsaya a kan Yuli ga kwalekwale, Yuli da Agusta ga manyan jiragen jan raga, a 2023 Kodibuwa ma ta bi sahu. A 2025 kuma sabuwar gwamnati ta cire masu kwalekwale daga dokar, ta bar ta a kan manyan jirage da matsakaita. Wannan jerin shekaru kaɗai ya isa babi guda a kundinka.

Yanzu ga inda maganar take. Hujjar da masunta suka fi maimaitawa tun daga farko ba wai kifi ba ya buƙatar hutu ba ne. Cewa suke yi: a fara hana saiko. Saiko ciniki ne da ake yi a tsakiyar teku. Manyan jiragen jan raga, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasan teku ne, sukan kama ƙananan kifayen saman ruwa, har da 'ya'yan da ba su isa haihuwa ba, su daskarar da su falle-falle cikin ƙanƙara, sannan wasu manyan kwalekwale na musamman su je su sauke su, su kawo Elmina da Apam da Axim a sayar. Ƙungiyoyin kare muhalli na EJF da Hen Mpoano sun ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kusan tan 100,000 ne ya bi ta wannan hanya, na kuɗi sama da dala miliyan 50. EJF ta kuma gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan jirage suna da alaƙa da masu jari daga ƙasar Sin, duk da tutar Gana da suke ɗagawa. Doka ta haramta cinikin, gyaran dokar da aka yi a 2014 ma ya sa tarar da ba ta gaza dala miliyan ɗaya ba a kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, amma shekara da shekaru ana sauke fallayen nan da rana tsaka kowa na kallo. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a Yunin 2021. Bayan nan ne sauke kifi a tsakiyar teku ya ragu ƙwarai.

Ka sa kanka a matsayin mai kwalekwale a Elmina. An ce ka ajiye raga wata guda don kifi ya girma. Kana zaune a bakin gaɓa kana ganin ana sauke ainihin kifin da aka ce ka bari, daskararre, ƙanana-ƙanana. Ƙin da za ka yi lissafi ne mai kyau, ba jahilci ba. Duk wanda ya ɗauki wannan a matsayin matsalar wayar da kai, ya je ya buga fastoci da hoton kifi mai ƙwai, ya ɓata kuɗinsa.

Amma kada ka wanke masu kwalekwale tas, domin su ma ba sa wanke kansu. Su da fitila ya zama ruwan dare: a ɗauki janareta a kwalekwale, a zura ƙwan lantarki mai ƙarfi cikin ruwa da dare, kifi babba da ƙarami ya taru, a zagaye shi da raga. Ƙa'idojin 2010 sun hana wannan, sun hana ragar roba mai zare ɗaya a teku, kuma doka ta hana nakiya da guba, amma akwai masu zuba kabayid na masu walda ko maganin ƙwari don kifi ya taso. Idon ragar zagaye bai kamata ya gaza milimita 25 ba, na jakar ragar manyan jirage milimita 60, kuma sadinela da bai kai santimita 18 ba bai halatta a sauke shi ba. Ka tambayi masu fitila, da yawa za su ce maka sun san ɓarna ce, kuma za su bari ranar da garin da ke kusa ya bari. Mutum yana iya ƙin abu a zuciyarsa yana kuma aikata shi kullum, saboda idan ya bari shi kaɗai, kifin bai tsira ba, maƙwabcinsa ne zai kwashe. Matan da ke banda su suka fi kowa tsanar kifin fitila da na guba, don yana saurin laushi, yana farfashewa a kan wayar tanda, ba ya jure ajiya. Wannan ƙorafi nasu ƙofa ce da masu shirya doka suka daɗe ba su shiga ta cikinta ba.

Sannan akwai man kwalekwale mai rangwame da gwamnati ke bayarwa tun shekarun 1990. Da hannu ɗaya ana cewa kwalekwale sun yi yawa, da ɗaya hannun ana rage musu kuɗin fita. Masunta suna ganin wannan saɓani, suna kuma ganin yadda rabon man ke bin siyasa, shi ya sa duk sanarwar da ta fito daga ma'aikata sai an auna ta da ma'aunin jam'iyya. Dakatar da shigar sababbin kwalekwale na shekara uku da aka fara a 2023 ya fi kusa da tushen matsalar, domin rufewar wata guda ba ta rage yawan masu kamu a sauran wata goma sha ɗaya.

Babbar shaidar cewa mutanen gaɓa ba sa ƙin hani don kansa ita ce ranar Talata. A yawancin garuruwan gaɓar Gana ba a fita su ran Talata, tun kaka da kakanni, kuma sarkin masunta ne ke hukunta wanda ya karya, ba ɗan sanda ba. In ka tara Talatun shekara, kwana 52 ne, sun fi watan da gwamnati ke nema. A Elmina ana hana su a tafkin Benya na wasu makonni kafin bikin Bakatue, wanda ake yi a Talatar farko ta Yuli. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, don a Argungu ma ana killace ruwan Matan Fada har sai ranar biki, Sarkin Ruwa na tsare da shi. Me ya sa ake bin waɗannan? Hanin ya hau kan kowa, an san ranar farawa da ta ƙarewa tun kafin a ci bashi, mai hukunci yana cikin gari ana ganinsa, kuma ribar tana dawowa wurin waɗanda suka yi haƙurin.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa hanin da ya fi karɓuwa yakan faru a kan halittar da ba ta tafiya nesa kuma take saurin girma. A bakin kogin Densu, yamma da Akra, masu tsintar kawa (halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci) na Tsokomey da Bortianor da Tetegu, waɗanda yawancinsu mata ne, suna rufe wurin wata biyar, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, tun 2017, bayan da su da kansu suka koyi auna gishirin ruwa da girman kawa. A Gambiya ƙungiyar mata ta TRY ta samu haƙƙin mallakar tsintar kawa a dausayin Tanbi a 2012, kuma su suka tsawaita wa kansu lokacin hani. A Andavadoaka da ke kudu maso yammacin Madagaska, a 2004 ƙauye ɗaya ya rufe wani yanki na kamun oktofus, dabbar nan mai hannuwa takwas, da aka buɗe aka ga girman abin da aka kama sai ƙauyukan maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an tilasta musu ba. Sadinela ba haka yake ba. Yana yawo tsakanin Kodibuwa da Gana da Togo da Benin, wanda ka bari a Axim wani ne zai kama a Tema ko a wata ƙasa, kuma farfaɗowarsa aikin shekaru ne. Don haka samun goyon baya a kansa ya fi wuya ninkin-ba-ninki, kuma duk jami'in da ya yi wa masunta alƙawarin cewa da an buɗe teku za su ga kifi birjik, ya haƙa wa shirin rami. Idan aka buɗe ba a gani ba, shekara mai zuwa ba mai saurarensa.

Mu koma ga yadda za ka auna. Kuskure na farko shi ne ɗaukar “masunta” a matsayin abu ɗaya. A bakin gaɓa ɗaya akwai mai kwalekwale, akwai ma'aikatan da ba su da albashi sai kaso daga abin da aka kama bayan an cire kuɗin mai da abinci, akwai matar da ta ba da kuɗin fita bisa sharaɗin a sayar mata da kifin, akwai mai banda, da mai dako, da mai sayar da itace. Mai kwalekwale yana iya jure wata guda, ya ma yi amfani da shi wajen gyaran jirgi da ɗinkin raga. Ma'aikaci da mai dako ba su da abin ci a mako na biyu. Wata mai jari kuma tana iya son rufewar, don bandar da ta tara za ta yi tsada. In ka cakuɗa su ka fitar da kaso ɗaya, ba ka faɗi komai ba. Ka raba su rukuni-rukuni, ka kuma raba garuruwa, domin ra'ayin garin da ke cin moriyar saiko ko fitila daban yake da na garin masu jan raga daga gaɓa irin na yankin Keta. Idan kana son sakamakon da kuskurensa bai wuce maki 5 sama ko ƙasa ba, kana buƙatar mutum kusan 400 da aka zaɓa ba tare da son rai ba. In za ka kwatanta rukuni da rukuni, kada kowanne ya gaza 80 zuwa 100, kuma ka sani a wannan adadi bambancin da bai kai maki 15 ba bai isa ka gina magana a kansa ba.

Zaɓen mutanen ma wurin zamewa ne. Dole ka fara gaida sarkin masunta da shugabar mata masu kifi, ba a shiga gaɓa ba tare da su ba. Amma kada ka bari su zaɓa maka waɗanda za ka tambaya, kada kuma ka yi tambaya a gabansu. Ka nemi jerin kwalekwalen da ke gaɓar, ka ɗauki kowane na biyar ko na goma. Talata ce ranar samun maza. Mata kuwa ka same su a wurin tanda bayan sun gama jera kifi, ba lokacin da kwalekwale ke sauka ana ciniki ba. Mai tambaya ya iya harshen wurin, Fante ko Ga ko Dangme ko Ewe ko Nzema, kuma kada ya zo cikin motar hukuma ko rigar ƙungiya mai hoton kunkuru. Da zarar an zaci kai ne mai rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi, ko mai kai rahoto, amsar da za ka samu ta lalace. Lokacin shekara ma yana canza amsa: abin da mutum zai faɗa a mako na uku na rufewa daban yake da na Satumba. In da hali ka tambayi mutanen nan sau biyu.

Ita kuma tambayar, kada ka tsaya a “kana goyon bayan kare teku?” Kowa zai ce e. Ka hau da ita mataki-mataki, kowane mataki da farashinsa. Za ka yarda a rufe wata guda a Mayu? A Yuli fa? A Agusta fa? In babu tallafi? In an rufe wa manyan jirage wata uku? In an kama masu fitila a garin da ke kusa? Inda amsa ta juya daga e zuwa a'a, ko daga a'a zuwa e, nan ne sakamakonka. Ka ƙara tambayoyi biyu da suka fi kowace hasashen abin da mutum zai aikata: cikin kwalekwale goma na gaɓar nan, nawa kake jin za su bi dokar, kuma in babban jirgi ya karya ta, kana jin za a hukunta shi?

Abin da ya shafi laifi, kamar fitila ko guba, ba a tambayarsa kai tsaye. Akwai dabarar jeri. Ka raba mutanenka gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko ka karanta musu abubuwa huɗu marasa laifi, misali su da ƙugiya, kwana a teku, sauke kifi a wani gari, aron raga, ka ce su faɗi guda nawa suka yi a bana, ba waɗanne ba. Gida na biyu ka karanta musu huɗun nan ka ƙara su da fitila na biyar. Idan a misali matsakaicin amsar gida na farko 2.1 ne, na biyu 2.5, bambancin 0.4 yana nuna kusan kashi 40 cikin 100 na amfani da fitila, ba tare da kowa ya tona kansa ba. Dabarar tana cin mutane da yawa, ƙasa da 200 a kowane gida sakamakon rawa yake yi. Ka kuma tabbata cikin huɗun akwai wanda kusan kowa ke yi da wanda ba kasafai ake yi ba, don in mutum ya ga amsarsa za ta zama biyar cif ko sifiri, zai gane ya fallasa, sai ya canza.

Bayan baki, ka duba aiki. Ka ƙirga kwalekwalen da ke kan yashi da asuba a lokacin hani. Ka sayi kwano ɗaya na kifi daga kwalekwale daban-daban, ka auna guda 50 da rula, ka ga kaso nawa bai kai santimita 18 ba. Ka lura da janareta da ake lodawa da yamma. Ka tambayi masu shago yadda bashi ke ƙaruwa a watan rufewa. Ka kuma bi sawun waɗanda suka ƙaura, domin wasu ba karya doka suke yi ba, tsallakawa suke yi wata ƙasa su ci gaba da kama kifin nan dai, abin da ya sa haɗa lokacin rufewa da maƙwabta yake da muhimmanci.

Idan kundinka zai ba da shawara, tsarin abubuwa ya fi yawansu muhimmanci. Hukunci ya fara daga sama, a bainar jama'a, a faɗi sunan jirgi da tarar da ya biya. Sabuwar dokar kamun kifi ta 2025 ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa masu kwalekwale daga mil 6 na teku zuwa mil 12, kuma yadda aka tsare wannan iyaka zai yi tasiri a ra'ayin gaɓa fiye da kowane gangami. Sanarwar rufewa ta fito aƙalla wata shida kafin lokaci, ranar kuma ta tsaya daram kowace shekara don masu ba da bashi su saka ta cikin lissafi. Shinkafa da man girki da aka riƙa rabawa sun taimaka, amma duk inda rabon ya bi ta hannun masu kwalekwale ko 'yan jam'iyya, ma'aikata da mata ba su gani ba, sai tallafin ya zama sabon abin faɗa. Adashen da aka fara tun kakar da ta gabata, a kwashe a makon farko na rufewa, ya fi ɗorewa. Sai kuma makonnin farko bayan buɗewa, waɗanda su ne mafi haɗari: kowa ya fito da bashi a wuya, in aka bar fitila ta yi aiki a cikin Agusta, kifin da aka tara a Yuli da ƙwansa a ciki za a kwashe cikin 'yan kwanaki. A nan ya kamata sintiri ya fi tsanani, amma a nan aka fi sakaci.

Kada ka manta da mutanen cikin gari, don su ne “jama'a” a yawancin bincike. Su ma ka yi musu tambaya mai farashi. Magudanar Nima tana zuba a Odaw, Odaw ta zuba a tafkin Korle, Korle ta zuba a teku kusa da Jamestown, inda masunta ke janyo ledar ruwa da tsummokaran gwanjo a cikin raga. Mazaunin zango da ya ce teku na damunsa, ka tambaye shi nawa zai iya biya a wata don a kwashe masa shara, ko zai sayi kifi mai ɗan tsada in an tabbatar ba na fitila ba ne, ko zai bar ƙananan kifi masu araha a kasuwa. Za ka tarar shi ma goyon bayansa yana da inda yake tsayawa, kuma dalilinsa bai bambanta da na masunci ba: in motar shara ba ta zuwa unguwarsu, kuma yana ganin kowa na zubawa a kwata, ba zai zama shi kaɗai mai biya ba. Ka ware masa babi nasa da mutum aƙalla 150, ka yi masa tambayoyin a Hausa ko Twi, duk wanda ya fi sakewa da shi.